Sunanki a Jikin Katako

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ki. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da mijinki da gwaggonninki da suka raka ki. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya naɗe muku nisan hanya, ya sa Fatakwal ta karɓe ki da alheri. Amin.

Na san abin da za ki fara cewa: "Baba ne ya rubuto mini?" E, ni ne, ba ƙanenki Sani ne ya kwaikwayi hannuna ba. Jiya da aka kawo ki ɗakina sallama, kina lulluɓe, kika durƙusa a bakin tabarma, ina da magana cike da baki wadda nake shiryawa tun kafin a sa rana. Da na ga yatsun ƙafarki da lalle, sai duk ta watse. Na ce, "Allah ya ba da zaman lafiya," na ce a kai ki wurin Baffanki ya yi miki faɗa. Matan da ke bakin ƙofa suna ta cewa, "Kai, Malam akwai kara, ai 'yar fari ce." Su suna yabona, ni kuwa wallahi kunyar kaina nake ji. Na ƙare ƙuruciyata ina surutu gaban 'ya'yan mutane a aji, amma tawa ta zo gabana na kasa buɗe baki.

Gobe da safe motarku za ta tashi. Na ce wa Sani ya sa takardar nan a akwatinki tare da wani ƙunshi a tsohon rawanina. Kada ki kwance ƙunshin sai kin gama karatu. Na san halinki, yanzu haka hannunki yana kai. Ajiye shi tukuna.

A rumfar zarto nake rubutun, a kan teburin keken zartona, domin a nan kaɗai nake iya tunani. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi, ba abin da ya canja sai shiru. Kurakuraina zan ba ki, tun da su ne abin da na tara da yawa.

Keken zarton nan sa'anki ne, ban sani ba ko an taɓa gaya miki. Lokacin da Innarki take da tsohon cikinki, ta tafi gidansu a Bici goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Aka aiko cewa an sauka lafiya, mace ce. Na so in hau kekena a lokacin in tafi in gan ki, amma wa zai yi wannan abin kunya? Ranar suna ma gona na gudu, alhali rani ne, babu abin yi a can sai kallon tushiyar dawa. Baffanki ne ya yi miki huɗuba. Na dawo gida babu motsin kowa a sashenmu, hannuna yana neman abin yi. Tun muna makarantar horon malamai na koyi yanka zane a katako da ɗan zarton hannu a darasin aikin hannu, abin ya shiga raina, sai dai yana cin lokaci, yana kashe kafaɗa. Ina zaune sai idona ya faɗa kan keken ɗinkin Innarki. Na ce a raina, allura sama da ƙasa take yi, zarto ma abin da yake so ke nan. Shi ke nan shaiɗan ya samu wurin zama. Na kwance kan keken na ɗora a kan gado, na ɗauki ƙafafun da matakin na kai wa mai walda a Ɗanbatta. Na haɗa hannuwa biyu na katako, na ɗaure siririn zarto a tsakaninsu, wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Na taka, ya yanka. Ranar na yi murna kamar mahaukaci.

Da Innarki ta dawo da ke a goye, ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Malam, ina ƙafafun kekena?"

Na ce, "Suna rumfa, suna aiki."

Ta ce, "Wato ni na je na haihu lafiya, keken da na bari a gida shi ya gurgunce?"

Ga ɗinkin sallar mutane jibge yana jiran ta. Da hannu ta riƙa juya keken har kaka ta yi, aka cire gyaɗa na sayo mata wasu ƙafafun. Da na kawo ina jiran godiya, sai ta ce, "Ba ƙafafun ne suka ci mini rai ba. Da ka tambaye ni, da na ba ka." To, ki riƙe wannan. Zama ɗaya ba ya mai da kayan wani naki. Ko allura ce ta mijinki ko ta maƙwabciya, ki tambaya, tambayar ita ce girmamawar. In kuma ke aka yi wa, ki yi yadda Innarki ta yi: ki faɗa a gaban mai laifin, da ladabi, a ranar. Kada ki haɗiye. Na san ki da haɗiye magana, kuma na san a wurin wa kika koya.

Kuskurena na biyu gaggawa. Zarton nan ba a samun sa nan kusa, sai an shiga Kano, a ƙunshi ake sayarwa. Ƙunshin farko kafin mako ya zagayo na karya kusan duka. Ina tura katako da ƙarfi don in gama da wuri, sai ka ji ƙas! Ya tsinke. In zagi mai shagon, in zagi wanda ya ƙera, in zagi katakon. Innarki daga cikin gida ta ce, "An kuma?" In ce, "Ki ji da tukunyarki." Haka na yi ta yi har azumi ya kama. Wata rana da la'asar sakaliya, yunwa ta ci ƙarfina, na zauna ina takawa a hankali, katakon ma da ƙyar nake riƙe da shi. Sai ga zarto yana tafiya sumul, yana bin layi shi kaɗai. Ashe duk tsawon lokacin nan ni ne matsalar. Zarto yana da saurinsa, aikinka kawai ka riƙe katako ka nuna masa hanya. In an zo kwana, ba a murɗa shi, sai ka ci gaba da takawa a wuri ɗaya kana juya katakon kaɗan-kaɗan har ya samu hanyar fita.

Za ki je garin da ba yarenki ake yi ba, ba tuwonki ake ci ba, ruwan sama ma an ce ba ya ɗaukewa. Za ki so a mako ɗaya ki san kowa, ki gyara gidan, ki gyara mijin, ki samu makarantar da za ki koyar. Ke ma kina da gaggawar nan tawa, sai dai taki ba ta da hayaniya. Ki sassauta. Abin da ya ƙi yau ki bar shi ya kwana. Amma ki ji ni da kyau, sassautawa daban, zama a cuce ki daban. In abu ya fi ƙarfinki, kina da gida, kina da uba, ko da uban bai iya nuna kansa ba.

Na uku ya fi ba da dariya. Da hannuna ya fara faɗawa, maƙwabcinmu na kudu ya yi haihuwa, na ce zan yi masa bajinta in yanka sunan jaririn a allon katako. Ba ciniki ba ne, kin sani ban taɓa mai da abin nan sana'a ba, sha'awa ce kawai. Na zana haruffa, na huda kowanne, in kwance zarto in zura ta hujin in sake ɗaurewa, haka har na gama. Da na ɗaga allon, tirƙashi! Duk cikin haruffan ya zube ƙasa, sai ramuka. Na zagaye kowane ciki da zarto ban bar masa abin da zai riƙe shi ba. Kaji suka zo suna tsattsagar guntayen. Daga ranar na koyi barin ɗan siririn katako wanda ba a yankewa, ya haɗa ciki da jikin allon. Ni na sa masa suna gada. Ba sai ta yi kauri ba, mai kallo ma ba ya lura da ita, amma in babu ita komai zubewa yake.

Ki bar wa kanki gada. Ki kira Innarki ko babu labari, ko don ta ji kina numfashi. Ki kira ƙanwarki Binta ku yi shirmenku. In kin ji an yi rasuwa ko haihuwa a garin nan, ki bugo ki yi gaisuwa, kada ki ce ai nesa kike. Na ga 'yan garin nan da suka tafi Kudu, ba faɗa aka yi da su ba, ba korar su aka yi ba. Kiran yau ya zama na gobe, na gobe ya zama na salla, har suka wayi gari suna jin nauyin dawowa.

Yanzu saura wanda saboda shi na ɗauki biro. Waɗancan duk kewaye-kewaye nake yi.

Kina tuna lokacin da kike hura mini dusa? Zarto in yana yanka, dusar katako tana taruwa a kan layin fensir ta rufe shi, dole sai an hure. Da aka yaye ki aka kai ki ɗakin Iya, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a can kika tashi kamar yadda ake yi wa 'yar fari. Ni ban ɗauke ki ba, ban yi miki wasa ba, ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke," ko "yarinyar nan," daga baya "yayar su Sani." Amma kina ajin farko-farko na firamare, in kin taso daga islamiyya sai in gan ki a hagun ɗina tsaye. Ba wanda ya sa ki. Ni ina takawa, ke kina hurawa. Ba mu cewa komai. Wani lokaci ki hura da ƙarfi dusar ta shiga idona, in ce "Ke!" ki toshe baki da hijabi kina dariya. Girarki duk ta yi fari fat. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma in na ji an taso daga islamiyya, da gangan nake ɗauko aikin da ya fi yin dusa.

Sai na yanka sunan Sani da na Binta, da furanni a gefe, na rataye a saman ƙofar Innarki. Ke kika hure dusarsu duka biyun. 'Ya'yan maƙwabta kuwa, ban san adadin waɗanda na yi wa ba.

Rannan da yamma Baffanki da abokaina biyu suna zaune a rumfar suna ɓarar gyaɗa. Kina tsaye a wurinki, sai kika ce a hankali, "Baba, ina nawa?"

Na yi kamar ban ji ba, na ƙara saurin takawa.

Kika ce, "Baba, an yi wa Sani, an yi wa Binta. Ni yaushe za a yi mini?"

Ɗaya daga cikin abokan nawa ya ce, "To fa! Malam, yau za mu ji sunan nan a bakinka." Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri! Babu aiki ne a cikin gida?"

Ba ki yi kuka ba. Da kin yi kuka ma da ya fi mini sauƙi. Kika kakkaɓe hijabinki, kika fita. Washegari aka taso daga islamiyya, na ɗauko aiki mai dusa, ban gan ki ba. Jibi ma haka.

Ina shara a ƙarƙashin tebur sai na tsinci wani guntun katakon filawud. Sunanki ne a jiki da fensir, da rubutunki na yara, haruffan suna hawa suna sauka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin kowane harafi mai ciki kin zana masa gadarsa, daidai inda ya kamata. Ban taɓa koya miki ba, da ido kika ɗauka. Ashe ranar a cikin hijabi kika ɓoyo shi, kin zo da zanenki a shirye don kada ki wahalar da ni. Na sa shi a aljihun keken. Na ce gobe in babu mutane. Na ce bayan kaka. Na ce in ta gama firamare.

Innarki ta ce, "Malam, yarinyar nan ta daina zuwa rumfa."

Na ce, "Girma ne."

Ta ce, "Girman a kwana ɗaya ya zo?" Ba ta ƙara ba, domin ita ma kunyar ta ɗaure ta, ta ma fi ni.

Kika girma da ladabi, ba wanda ya taɓa kawo ƙararki. "Ina kwana, Baba," ido a ƙasa, ki wuce. Kika je kwaleji, kika dawo kina koyarwa, mutane suna ce mini na yi sa'ar 'ya. Na ɗauka abin ya wuce, yarinya ce, ta manta. Sai da ana shirin kayan ɗakinki, ina alwala a bayan katanga, na ji Binta tana ce miki, "Yaya, mu ce Baba ya yi miki abin madubi mai furanni mana." Kika ce, "Ƙyale shi, kada ki takura masa. Ai Baban naku ne ku biyu." Da dariya kika faɗa, babu ɗaci a muryarki, kamar mai faɗar abin da kowa ya sani. Wannan shi ya kashe ni. Na zauna da buta a hannu har ruwan ya tsiyaye. Wato za ki tafi ƙarshen ƙasa da wannan a ranki, ki haifi 'ya'ya ki gaya musu haka.

To, ba haka ba ne. Wallahi ba haka ba ne. Ke ce kika fara mai da ni uba. Duk sanda kika yi zazzaɓi a ɗakin Iya, ni ne nake sintiri a bayan ɗakin ina yi kamar ina neman akuya. Ranar da sakamakonki ya fito, a gona na yi sujada inda ba mai gani. Ina son ki, kuma tun kina cikin zanen goyo nake son ki. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Ba zagin al'ada nake yi ba. Mahaifina haka ya yi wa Baffanki, kuma kunya ado ce, gidan da babu ita ba ya zaunuwa. Amma manya ne suka san ma'anarta. Yaro bai san kara ba, abin da ya sani shi ne an yi wa wane, ni ba a yi mini ba. Ni kuma ba don Allah na kore ki ranar ba, ba don al'ada ba ma, don tsoron dariyar mutum uku ne. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Baffanki kuwa na tambaye shi kwanan nan, ko tunawa bai yi ba. In Allah ya ba ki haihuwa, ki yi kunyarki gaban surukai yadda ya dace. Amma in kun shiga ɗaki ku biyu, ki kira ɗanki da sunansa, ki ɗora shi a cinya, ki gaya masa. Kada ki bari ya yi ta lissafi shi kaɗai.

Yanzu kwance ƙunshin.

Guntun filawud ɗinki ne, shi ɗin dai. Fensirin ya dushe, na bi kan layinki na ƙara masa baƙi, ban gyara ko harafi ɗaya ba. Yadda kika karkata su haka na bar su. Idona ba kamar da ba, gwiwata ma tana ƙara in na taka. Ina yanka ina tsayawa ina hurawa har jiri ya fara ɗibata, shi ya sa za ki ga na kauce layi a harafin farko, gada ɗaya kuma ta karye na manne ta da gam. Ina cikin fama sai ga Innarki ta kawo mini kunu. Ta leƙa ta ga abin da ke kan tebur. Na ɗauka za ta juya. Sai ta ajiye kwanon, ta zagayo hagun ɗina, ta sunkuya ta fara hurawa. Ni ina takawa, ita tana hurawa, har muka fita harafin ƙarshe. Da ta miƙe, ta goge ido da bakin mayafi ta ce dusa ce ta shigar mata. Ta kai bakin rumfa sannan ta juyo ta ce, "Malam, yau na yafe maka ƙafafun kekena."

Ba shi da kyau kamar na Sani da Binta, babu furanni, katakon ma ya tsufa. In kin ga dama ki rataye, in kin ga dama ki bar shi a ƙasan akwati. Ba zan ce dole ki yafe ba, abin ya daɗe. Roƙo ɗaya nake yi. In kin huta gajiya, kada ki kira Innarki ki ce a gaishe da Baba kamar yadda kika saba. Ki kira wayata. Zan ɗauka, kuma zan kira ki da sunanki da bakina, ko Baffanki yana zaune, ko duk garin ne a rumfar. Na gwada faɗa a gona kwanakin nan, sau da yawa, kuma sunan yana fita.

Rumfar tana nan, wurinki na hagu yana nan, ban taɓa ajiye komai a wurin ba. In kun zo salla, akwai aikin da na ajiye mai dusa sosai.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar na safe da yamma. Ki gaishe da mijinki, ki ce na ba shi amana. Allah ya kiyaye ki a tafe da zaune, a ruwa da tudu, ya kare ki daga ciwo da baƙin ciki da mugun maƙwabci. Allah ya sanya albarka a ɗakinki, ya ba ki zuriya ta gari, ya sa in sake ganin ki da idona kafin ya rufe.

Allah ya yi miki albarka, Saratu. Saratu, 'yata.

Wassalam.

Ni ne,
Babanki, naki ke ma.